ProVent 200 a Kan Hilux Mai Gas: Abin da Yake Tarewa da Abin da Zai Iya Ɓatawa

Duk wanda ya taɓa kwance tiyon da ya taso daga intakula (mai sanyaya iskar da turbo ta turo) zuwa manifol (mai raba iskar ga silinda) a Hilux mai injin 2KD ko 1KD ya san abin da zai tarar: baƙin mai ya jiƙe cikin tiyon sharkaf, wani lokaci har yana naso ta ƙarƙashin kilif. Daga nan sau da yawa sai a yanke wa turbo hukunci, a ce ta mutu, a tura mai mota neman wata. Alhali a motoci da dama turbon lafiyarta ƙalau. Man ya biyo ta tiyon numfashin inji ne, wanda ya fito daga murfin saman inji ya shiga bututun iska gab da bakin turbo. ProVent 200 gwangwani ne da ake ɗaurawa a kan wannan tiyo domin ya tare man.

Ga yadda abin yake. Kowane inji, komai sabuntarsa, idan wuta ta tashi a silinda akwai ɗan hayaƙin da ke zillewa ta gefen ringin fistan ya faɗa ƙasa inda karanshaf ke juyawa cikin mai. Dole wannan hayaƙi ya samu mafita, in ba haka ba ya tura sil da gasket ya fita da ƙarfi. Motocin zamanin da suna da bututu ne kawai da ke zubar da shi a titi. A jihar Kalifoniya ta Amurka aka fara sa wa sababbin motoci tsarin mayar da shi cikin inji a 1961, daga baya duniya ta bi. Injin fetur yana amfani da zuƙar manifol da ɗan bawul ɗin da ake kira PCV. Injin gas ba shi da irin wannan zuƙa a manifol, shi ya sa ake kai tiyon gaban turbo, inda iska ke ɗan ja. Matsalar ita ce hayaƙin ba ya tafiya shi kaɗai, yana ɗauke da feshin mai ƙanana ƙwarai, da tururin ruwa, da ɗan gas da bai ƙone ba.

Da a ce man wucewa kawai yake yi ya ƙone, da babu wanda zai damu. Amma a injin da ke da EGR, wato bawul ɗin da ke dawo da wani ɓangare na hayaƙin salansa cikin manifol, busasshen baƙin toka na haɗuwa da wannan mai, su zama kwalta mai danƙo. Ita ke rage faɗin manifol a hankali, ta maƙale bawul ɗin EGR, ta toshe ƙaramar hanyar na'urar auna ƙarfin iska. Mota ta fara nauyi a hawa, ta ƙara shan gas, tana baƙin hayaƙi idan an taka totur. Abin da ake sayen gwangwanin tarar mai domin shi ke nan: a raba man da hayaƙin kafin su isa turbo.

ProVent 200 na kamfanin MANN+HUMMEL ne, masu yin filta da ke Ludwigsburg a Jamus. Ba domin ƙawata bonet aka ƙera shi ba, an yi shi ne domin injinan gas na aiki irin na janareto, taraktoci da manyan motoci, kuma lambar 200 ɗin na nufin yana ɗaukar hayaƙi har lita 200 a minti ɗaya. Wannan ya fi ƙarfin abin da lafiyayyen inji mai lita 2.5 ko 3.0 zai fitar, kuma wannan rarar ita ce babbar fa'idarsa. Jikinsa baƙar roba ce mai tauri da ba ta jin mai, an yi ta ta jure zafi har wajen digiri 120. Tsayinsa ya ɗan haura santimita 20. Bakin shiga da na fita kowanne milimita 25 ne, sai ƙaramin bakin tsiyayar mai a gindi, wajen milimita 12.

Abu uku ne a cikinsa suka bambanta shi da gwangwanayen alminiyon masu sheƙi da ake tallatawa a intanet. Na farko filtar kanta, mai lamba LC 5001 x, wadda aka yi da zare mai laushi da aka naɗe hawa-hawa. Feshin mai yana maƙalewa a zaren, ɗigo ya haɗu da ɗigo har ya yi nauyi ya gangaro ƙasa. Gwangwanin da babu komai a cikinsa, ko mai farantin ƙarfe guda da 'yan ramuka, manyan ɗigo kawai yake kamawa, sai tururin ruwa da ya huce a jikinsa. Mai mota ya buɗe ya ga ruwa-ruwa mai launin ƙasa ya ce abin na aiki, alhali siririn feshin da ke yin kwaltar ya wuce abinsa. Na biyu bawul ɗin kariya: idan filta ta toshe, ko tiyo ya lanƙwashe, matsi ya kai wajen miliba 50 (miliba ma'aunin matsin iska ce), yana buɗewa ya saki hayaƙin maimakon a bar shi ya fasa sil. Na uku bawul ɗin daidaita zuƙa da ke bakin fita. Wannan ya fi muhimmanci a wajenmu fiye da yadda ake zato. Lokacin hunturu, ko ga motar da ke bin hanyar burji da rairayi, iyakilina, wato filtar iskar inji, na cika da ƙura da wuri. Da zarar ta fara toshewa, turbo sai ta riƙa jan iska da ƙarfi ta duk inda ta samu, har da tiyon numfashi, ta zuƙo mai fiye da kima. Wannan bawul yana rage hanyar idan zuƙar ta yi yawa.

A kan aikin da aka yi shi dominsa, ProVent 200 na asali ya cancanci kuɗinsa, duk da ya ninka farashin gwangwanin alminiyon sau da yawa. Amma yana da nasa aibu, kuma bai kamata a ɓoye su ba.

Babban aibinsa girma. Samun wurin da zai zauna a tsaye a ƙarƙashin bonet ɗin Hilux, a kuma bar sarari a samansa don a iya kwance murfi a zaro filta, aiki ne, musamman a motar da aka ƙara wa batir na biyu ko filtar gas ta biyu. Sannan ba shi da tanki. An tsara shi ne ya riƙa mayar da man cikin inji kai tsaye, don haka gurbin da ke ƙarƙashin filtar kaɗan ne. Wanda ya toshe gindinsa ya manta da shi, man zai taru ya taɓo filtar ya jiƙa ta, daga nan ya bi bakin fita zuwa turbo, an koma gidan jiya, har ma da ƙarin matsi a inji. Aibi na uku shi ne filtar: abin canzawa ce, ba a wanke ta. Masu sayar da shi a Ostareliya, inda aka fi sa shi a Hilux da Land Cruiser, sukan ba da shawarar canji a kilomita 40,000. Injin da ya tsufa yana yawan hayaƙi zai cinye ta kafin nan. Kada ka sayi gwangwanin sai ka tabbatar da inda za ka samu filta, kuma ya fi kyau ka haɗo da guda ɗaya ta ajiya tun farko. Ka kuma duba lambar da ke jikin wadda ta zo a ciki, domin an yi wa samfurin gyare-gyare, filtar wani zubin ba lalle ta zauna daidai a wani ba.

Sai maganar jabu, wadda ta yi yawa. Akwai masu kama da shi sak a waje, baƙar roba, murfi iri ɗaya. Ka buɗe murfin kafin ka biya. Idan ragar ƙarfe ka gani a madadin farin zare, ba shi ba ne. Ragar ana iya wanke ta, abin da ake yaudarar mutane da shi ke nan, amma ba ta kama siririn feshi. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne bawul ɗin jabun: sifirin ɗinsa na iya yin tauri ya ƙi buɗewa lokacin da ake buƙata, ko ya yi laushi ya riƙa fesa mai a ɗakin inji kullum. Na asali yana da sunan kamfanin da lambar kaya a jikin robar da kuma jikin filtar, rubutu mai tsabta.

Kafin a taɓa komai, a auna injin. Wannan matakin ne kusan kowa ke tsallakewa, kuma shi ne ke nuna ko aikin ya yi kyau ko ya yi ɓarna. Ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Ka samu farin tiyo da ake ganin cikinsa, irin wanda magina ke auna lebur da shi, tsawon mita 2 zuwa 3. Ka lanƙwasa shi ya sauka ya sake hawa, kowane ɓangare ya kai santimita 60, ka ɗaure a jikin katako. Ka zuba ruwa ya kai rabin tsayin. Ka zare gejin mai, ka cusa baki ɗaya a bututun gejin ka naɗe da tef yadda iska ba za ta fita ba, ɗaya bakin ka bar shi a buɗe. Inji ya yi zafi sosai tukuna. Bambancin tsayin ruwan a ɓangarorin biyu shi ne matsin da ke cikin inji, kowace santimita 1 kusan miliba 1 ce. Ka rubuta abin da ka gani a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, ka sake rubutawa an riƙe totur a wajen juyi 2,500 a minti. A lafiyayyen inji ruwan ba ya nisa da daidaito a silo, idan an taka kuma yakan ɗan karkata wajen inji saboda jan turbo. A taka totur a hankali, ido na kan ruwan, kada a bari ya hau har ya shiga inji. Waɗannan lambobi biyu su ne abin da za ka gwada da su bayan an gama ɗauri.

Idan tun a wannan awon ruwan ya yi tsalle da yawa, ko ka sassauta murfin zuba mai ka ga yana rawa hayaƙi na bugowa kamar tukunya a kan wuta, to ka ajiye maganar gwangwani. Ringi ko silinda sun ci, ko kuma matsalar da aka san 1KD da ita ce: washar da nozul ke zaune a kanta ta ƙone, hayaƙin silinda na hawowa cikin murfin sama. Wannan na ƙarshen ba abin wasa ba ne, domin tokar na bin mai ta gangara ta toshe ragar famfon mai a kaskon ƙasa, inji ya rasa mai ya buga. Gwangwani ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu, sai dai ya ɓoye alamar na ɗan lokaci.

Kayan aikin ba su da yawa: tiyo mai jure mai kamar mita 2, mahaɗa biyu masu rage faɗi daga milimita 25 zuwa faɗin bakin da ke kan injinka, kilif mai noti guda shida zuwa takwas, tiyon tsiyaya na milimita 12 kamar mita 1, ƙaramin famfo mai hannu na ƙarshensa, ƙarfen ɗauri mai kaurin milimita 3, da igiyoyin roba na ɗaure waya. Ka auna bakin da ke kan murfin injin da kanka, a irin waɗannan motoci yakan faɗa tsakanin milimita 16 da 19.

Zaɓen tiyo shi ne inda aka fi yin kuskure, ko a Ƙofar Ruwa ka saya ko a Panteka. Mai shago zai miƙo maka tiyon ruwa na hita ko na lagireto domin faɗinsu ya yi daidai. Kada ka karɓa. Robarsu ta ruwan zafi ce, idan mai ya jiƙa ta sai ta kumbura ta yi laushi, bayan 'yan watanni ta manne daga ciki idan turbo ta ja, hanya ta rufe alhali daga waje ba a ganin komai. Tiyon silikon mai launi shi ma yana zufar mai, sai wanda aka yi wa shafi na musamman a ciki. Abin nema shi ne tiyon da aka rubuta na mai ne ko na fetur, mai zare a cikin naman robar. Faɗi kuwa kada ya gaza na asali ko da a wuri ɗaya ne. Ramin tiyon milimita 10 bai kai kashi ɗaya cikin uku na ramin tiyon milimita 19 ba. Yawancin gwangwanaye masu araha da irin wannan siririn baki suke zuwa, domin an yi su ne don ƙananan motocin fetur. Ka ɗaura shi a injin gas, matsi ya taru, sil ɗin bayan karanshaf ya fara zubar da mai, kuma canza wannan sil sai an sauke giyabos.

Wajen ɗauri, gwangwanin ya tsaya a miƙe, murfi a sama, kuma a ɗaga shi gwargwadon yadda bonet zai bari. A jikin mota ake ɗaure shi, a kan noti da ke nan tun asali, ba a jikin inji ba, domin girgizar injin gas tana tsaga ƙarfen ɗauri. A nisanta shi da turbo da manifol ɗin salansa. Tunda inji na motsi a kan kujerunsa gwangwanin kuma a tsaye yake, a bar wa tiyo ɗan sako-sako. A cire tsohon tiyon numfashi a adana shi, kada a yanka, wata rana za a so mayar da mota yadda take. Tiyon da ya fito daga murfin inji yana shiga bakin sama na gwangwanin, na ƙasa mai bawul ɗin daidaita zuƙa shi ke komawa bututun gaban turbo. A duba zanen da ya zo a kwali a tabbatar, domin idan aka juya su bawul ɗin ba zai yi aikinsa ba. Kada tiyo ya yi lanƙwasa mai kaifi, kada kuma ya yi kwari a tsakiya inda mai zai kwanta ya tare hanya. Inda kwana ta matse, a sa gwiwar ƙarfe ko ta roba mai tauri maimakon a tilasta wa tiyo.

Tiyon tsiyaya ya gangara ƙasa ta gefen shasi, nesa da salansa da duk abin da ke juyawa, famfon ya kasance inda hannu zai kai ba sai an shiga ƙarƙashin mota ba. Tiyon milimita 12 mai tsawon mita 1 yana ɗaukar kimanin mililita 110, shi ne tankinka. Famfon a rufe yake zama kullum. Idan aka bar shi a buɗe, turbo za ta riƙa zuƙo iska mai ƙura ta nan ba tare da ta bi iyakilina ba. A fara dubawa bayan kilomita 1,000 don a san saurin taruwarsa a wannan injin, daga nan a san tazarar da ta dace, amma kada ta wuce kowane juyen mai. A tsiyaye inji a kashe. Abin da ya fito a haɗa shi da tsohon mai na juye, kada a mayar cikin inji, musamman a motar da ke gajerun tafiye-tafiye da sanyin safiya a wurare irin Jos ko Agadas, inda ruwa ke yawa a cikinsa.

Ana iya haɗa tsiyayar ta koma kaskon mai kai tsaye yadda kamfanin ya tsara, amma sai an sa bawul mai hana komowa, ko bakin tiyon ya shiga ƙasa da inda mai ke tsayawa. In ba haka ba hayaƙi zai biyo ta tiyon ya hau ya kewaye filtar. Wannan yana buƙatar huda ko walda a kasko, kuma ga mai aiki a gida famfon hannu ya fi sauƙi da aminci.

Bayan an gama, a mayar da tiyon ruwan nan a bututun geji a sake awo a silo da kuma 2,500. Idan lambobin sun tsaya kusa da na farko, bambancin 'yan santimita kaɗan, aiki ya yi. Idan ruwan ya tashi sosai, akwai inda ya matse: a bi tiyo a duba lanƙwasa, a duba mahaɗan rage faɗi, a tabbatar ba a juya shiga da fita ba. Yana da kyau a maimaita wannan awo duk bayan juye biyu ko uku, domin shi ne zai gaya maka filta ta fara cika tun kafin mai ya ɓullo a gefen murfin gwangwanin.

Akwai masu ganin duk wannan wahala ce, su cire tiyon daga bututun turbo su sake shi yana kallon ƙasa. Gaskiya ne manifol zai daina samun mai. Amma inji ya rasa ɗan jan da ke taimaka masa fitar da hayaƙi da danshi, ƙarƙashin mota ya jiƙe da mai ƙura ta manne, warin kuma ya riƙa shigowa ta na'urar sanyaya ɗaki idan an tsaya a cunkoso. Idan inji ya huce yana iya jan iska mai ƙura ta wannan buɗaɗɗen tiyo, wanda ya shiga kogi ko ambaliyar damina kuma ruwa na iya bi ta nan. Mafi muni shi ne a manta ba a toshe ramin da aka bari a bututun turbo ba, ƙura ta riƙa shiga kai tsaye tana cin fukafukan turbo da silinda.

ProVent ba ya wanke dattin da ya riga ya taru. Motar da ta yi tafiya mai nisa, a kwance manifol da bawul ɗin EGR a kankare su a waje, a toshe ramukan shiga silinda da tsumma mai tsabta kada ɓarɓashi ya faɗa, a sa sababbin gasket. Intakula ma a sauke a wanke, sannan a bar ta ta bushe sarai kafin a mayar. Injin gas yana iya kamawa da duk abin da ke ƙonewa da ya biyo iska, ko ragowar fetur ɗin wanki ko man da ya taru, ya yi ta hawa da kansa ko an zare makulli.

Ba kowace Hilux ke buƙatarsa ba. Yawancin waɗanda ke yawo a Najeriya masu fetur ne, injin 2TR mai lita 2.7, wanda nozul ɗinsa ke fesa fetur a bayan bawul ɗin shiga yana wanke shi kullum. Wannan abin da yake so shi ne a duba bawul ɗin PCV, a girgiza a ji yana ƙara, idan ya maƙale a sa sabo. Kada a sa ProVent 200 tsakanin PCV da manifol na injin fetur, zuƙar wurin ta fi ƙarfin abin da aka tsara shi a kai. Tsofaffin injinan gas marasa turbo irin 5L da 1HZ ribar da za su samu kaɗan ce, musamman waɗanda ba su da EGR. Inda kuɗin ke biyan kansa shi ne 2KD da 1KD, da 1GD da 2GD da suka gaje su daga 2015, da 1VD na Land Cruiser. Motar da ke ƙarƙashin garantin dila kuwa, a tambaye su a rubuce kafin a taɓa tiyon, domin ana iya kafa hujja da shi a ƙi gyara idan sil ko turbo ta samu matsala.